Matakin Ɗaki Mai Taya

Ɗaki ne mai taya biyu,
launin ƙwan zabuwa, duk ya kwarzane.
Baba ya saye shi gwanjo a Bukur
shekarar da kamfanin kuza ya naɗe tabarmarsa.
Shekara arba'in yana bayan gidanmu,
kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa,
sai bana na yi masa wanka,
na sauya taya, na toshe inda yake yoyo.

Komai ya gyaru, saura abu guda:
tsakanin ƙasa da bakin ƙofa
kamu ɗaya ne da 'yan yatsu.
A gare ni tsalle ɗaya.
Ga Baba, da gwiwar da ta sha sanyin Jos,
dutsen Shere ne.

Na fara da bulo.
Ya yi ta rawa kamar haƙorin da ya gaji.
Na kife akwakun lemo,
Talatu ta taka da tire a hannu,
roba ta ce ƙaras, ƙasa ta sha shayi,
kwana uku ban ga haƙoran matata ba.
Na jawo kujerar tsakar gida,
ruwan Agusta ya kwana yana zuba,
da safe ta fi miyar kuɓewa santsi.

Sai na nufi Dilimi.
Wani yaro ya nuna min na gwangwani mai naɗewa,
sai sheƙi yake, bai kai kuɗin buhun dankali ba.
Na ɗora ƙafa, ya yi ƙara.
Abin da ya koka da nauyina
ba zan ba shi amanar wanda ya ɗauke ni a wuya ba.

Can ciki, bayan masu tsoffin injuna,
Davou mai walda ya ɗaga baƙin gilashinsa.
Bai tambayi abin da ke aljihuna ba.
Ya ce, wa zai hau?
Takalmi yake sawa ko silifa?
Yana riƙe sanda? A wane hannu?
Kan kwalta za ku tsaya ko kan tsakuwa?
Da wace ƙafa yake farawa?

Na tsaya ina sosa ƙeya.
Shekara talatin da takwas ina bin bayan mutumin nan,
ban san ƙafar da yake fara jefawa ba.

Na koma gida, na zauna a dakali ina kallo.
In zai hau, dama ce ke gaba.
In zai sauka, hagu mai ciwon yake aikawa,
ta lalubo ƙasa, ta kawo masa labari.

Davou ya raba tsayin gida biyu.
Ya ba shi faɗin da sawu zai zauna duka,
ba dunduniya tana reto a iska ba.
Ƙarfe mai ƙurzunu, ya huda shi don ruwa ya wuce.
Ƙafa huɗu, kowace da nata noti,
don ƙasar Filato ba ta san daidai ba.
Ya kafa mariƙi a gefe,
ya ja farin fenti a baki saboda magariba.
Sannan ya hau, shi da yaransa biyu,
suka yi ta dira.
Ko gezau.

Ranar Asabar, a bakin ruwan Lamingo,
na murɗa notin har matakin ya daina gardama.
Baba ya daɗe a tsaye yana dubansa.
Ya ƙwanƙwasa shi da sanda, kamar mai sallama.
Dama.
Hagu ta biyo.
Dama kuma.
Na miƙa hannu, bai ko kalle shi ba.

Ya zauna a bakin ƙaramin gadon,
ya shafa labulen da Inna ta ɗinka
tun ba a haife ni ba.
Ya ce, har yau tagar nan tana maƙalewa.
Ya ce, Talatu, a ɗora shayi.

Ni kuwa ina waje,
ƙafata ɗaya a kan matakin,
ina dannawa, ina sake dannawa,
domin akwai saukowa.